Rular Malam Ɗayyabu

Ranar Litinin ce, ƙarfe goma saura kwata na safe, Uwani mai markaɗe ta kashe injinta, ta bar robobin wake da na tattasai jere a ƙofar gida, ta yafa mayafi, ta tasa 'yarta Suwaiba a gaba sai makaranta. Duk unguwa an san Uwani ba ta kashe inji da hantsi sai in rasuwa aka yi ko mai ya ƙare. To, ran nan ba wanda ya rasu, kuma da sauran mai a tanki.

Abin da ya faru shi ne, Suwaiba ta gama ƙaramar sakandare, ita ce ta ɗaya a ajinsu, aka sa sunanta a ajin kimiyya. Sai yarinya ta ce ita atafau ba can za ta ba, ajin da ake koyar da Gwamnati da Tarihi da Tattalin Arziki take so. Makaranta ta ce ba a sauya wa ɗalibi aji sai uwa ko uba ya zo ya sa hannu, kuma ƙarfe goma sha biyu na ranar za a rufe jerin sunaye. Uban yana hanyar kudu da motar albasa. Saboda haka Uwani ta fito, amma ba don ta sa hannun sauyi ba. Ta fito ne ta danna yarinyar cikin ajin kimiyya da hannunta, don tun Suwaiba na aji uku na firamare masu kawo markaɗe suke kiran Uwani da Maman Likita, ita kuma tana amsawa har da gyara ɗaurin ɗankwali.

"Gwamnati!" in ji Uwani suna tafe, tana tsallake wani kwatami. "Ke wa ya ce miki a aji ake koyon gwamnati? Wannan ai kuɗi ake nema a buga fasta, a manna a bangon mutane."

"Inna, in tambaye ki mana. Watan jiya da kika ƙara kuɗin markaɗe, har Iya Tabawa ta yi fushi da ke, ke kika so ƙarin?"

"Ni? Mai gidan mai ne ya ƙara mini."

"Shi kuma wa ya ƙara masa?"

"Oho."

"To, ohon nan nake so in je in karanto."

Uwani ta harare ta. "Ki karanto allura tukuna. Oho ba ya warkar da zazzaɓi."

Suka tarar da mataimakin shugaban makaranta, Malam Ɗayyabu, a ofishinsa. Shi ne mai rabon aji. Ya cire hula ya kife ta a kan tebur yana fifita da wani tsohon littafi, gumi ya jiƙa masa bayan riga sharkaf, don tun daga mararraba ya turo babur ɗinsa, mai ya ƙare masa. A gefensa ga wata 'yar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba, tana ba da labarin wata gada da aka buɗe bara da kiɗa da rawa, bana ruwan farko ya yi gaba da ita.

"Kin ji ko, Hajiya?" in ji shi, tun kafin su gama gaisawa. "Gada guda! Wai don Allah daga ina ake samo mana mutanen nan? Ba tunani, ba tsari, ko lissafin ɗan aji biyu ba su iya ba. Ni dai in tambaya, daga ina ake samo su?"

"Sai haƙuri, Malam," in ji Uwani, ta zauna a bakin benci. Ba Hajiya ba ce, amma ba ta ga dalilin gyara masa ba.

Ya rage muryar rediyo, ya dubi Suwaiba ta saman tabarau. "Yauwa, ga mai taurin kan. Hajiya, na ji daɗi da kika zo da kanki. Bari in nuna miki yadda muke aiki a nan, don ki san ba son kai ba ne."

Ya jawo doguwar takarda mai sunayen ɗalibai da makinsu, daga na sama har na ƙasa. Sai ya buɗe aljihun tebur ya fito da wata rular katako da ta tsufa har lambobinta sun goge, da jan biro. Ya ɗora rular a tsakiyar takardar, inda ya riga ya ja wani jan layi ɗoɗar.

"Kin ga layin nan? Maki sittin ke nan. Duk wanda ke samansa, kimiyya. Su ne likitocinmu, su ne injiniyoyinmu. Ga 'yarki can ƙololuwa, ko kusa da layin ba ta zo ba."

Uwani ta leƙa, ta ji wani sanyi a ranta. Ta waiwayi Suwaiba da kallon kin dai ji. Sannan, da yake ita mace ce da ba ta karɓar robar markaɗe sai ta buɗe ta ga abin da ke ciki, ta sa yatsa a ƙasan rular.

"Waɗannan fa, Malam?"

"Waɗannan su ne ragowa. Su muke turawa su yi Gwamnati da su Tattalin Arziki."

"Su suka ce suna so?"

Malam Ɗayyabu ya yi dariya har da buga tebur. "Wa ya tambaye su? Hajiya, ke da kike sana'ar gari, ai kin san tankaɗe. Lallausa gefe, tsaki gefe. To, rular nan ita ce rariyata."

"Amma Malam," in ji Suwaiba a hankali, "Tattalin Arzikin nan akwai lissafi a cikinsa, na duba littafin..."

"Ke, ana magana da manya! Lissafin me? Surutu ne kawai. Wanda ya iya surutu ai ya ci."

Uwani ba ta ɗauke yatsarta daga takardar ba. Sunayen ƙasan layin suna da yawa, har sun zarce zuwa bayan shafi.

"To Malam, tsakin nan, in sun gama makaranta, ina suke zuwa?"

"Allah dai ba ya hana bawa abinci. Wasu kasuwa, wasu ofisoshi. Masu bakin cikinsu kuwa sai su faɗa siyasa, tunda ba su da abin yi. Kansilanku na yanzu ai ɗalibina ne. Maki ashirin da bakwai ya ci, da hannuna na tura shi. Akwai wani ma da nake jin muryarsa a rediyon nan, ba zan faɗi suna ba, sau biyu yana maimaita aji. Ranar da na ga hotonsa a jikin allo na kusa faɗuwa daga kan babur."

"Ikon Allah," in ji Uwani. "Kai kaɗai kake wannan tankaɗen?"

"Haba! Je ki kowace makaranta, haka ake yi. Ni dai nawa ya fi tsafta, don da rula nake yi."

"Shekara nawa kana yi?"

Ya gyara zama, ya mayar da hularsa. "Bana ashirin da biyu cif. Ban taɓa barin mai ƙwaƙwalwa ko ɗaya ya ɓata a wancan ajin ba."

Uwani ta sake duban sunayen ƙasan layin. Ta tuna robobin da ta baro a rana, da kuɗin mai, da kwatamin da ta tsallako, da sunan Maman Likita da ta shekara bakwai tana amsawa. Ta ja dogon numfashi.

"Miƙo takardar sa hannun, Malam."

Ya miƙo mata da fara'a, ya nuna mata gurbin kimiyya da bakin biro. Uwani ta yi karatun yaƙi da jahilci, ba ta sauri amma ba ta kuskure. Ta bi layukan da yatsa, ta wuce inda ya nuna, ta sauka gurbi na biyu, ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, harshe a gefen baki. Suwaiba ta toshe baki da hijabi.

"A'a, a'a, Hajiya! Ba nan ba ne, kin yi kuskure!"

"Na ga inda na sa. Likita kuma sai mu jira ƙanwarta."

"Yarinyar da ta fi kowa? Za ki zuba lallausan gari a cikin tsaki? Me ya sauya miki ra'ayi daga zama?"

Uwani ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ajiye masa jan bironsa kusa da rediyo.

"Tambayarka ta ɗazu, Malam. Ka daina wahalar da rediyo. Daga ƙasan rularka ake samo su."