Rasuwar Dogo, Kwalekwalen Malam Buba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wando da har yanzu bai gama bushewa ba, Malam Buba mai fito na mashigar Kogin Kano, kusa da Tudun Wada, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwalekwalensa, Dogo, wanda ya cika ranar kasuwa da hantsi, a tsakiyar ruwa.

An sassaƙa marigayin daga maɗaci tun zamanin mahaifin Malam Buba. Mai haƙuri ne ƙwarai. Ya ɗauki buhunan gyaɗa, ya ɗauki amare, ya ɗauki akuyar da ba ta san kunya ba, bai taɓa cewa komai ba sai "ƙiii" in an tura shi, da "ɓul-ɓul" in kaya sun yi yawa.

Abu ɗaya yake nema, a taka shi da ladabi. Kowa ya sha jin Malam Buba yana cewa tuƙi ba aikin hannu ba ne, daga ƙafa yake tasowa: ta hagu a gaba, yatsu a baje, diddigen dama a kafe a baya, a saki gwiwa, a tura da ƙafa kafin a ja filafili. Haka mahaifinsa ya tsaya, haka shi ma, a gurbi ɗaya, har diddige ya yi wa katakon rami kamar ƙaramin kasko.

Daga nan ciwon ajali ya faro. Uwargida Tasalla ta daɗe tana faɗa: "Malam, ka riƙa sauya ƙafa mana, wurin nan ya zama kamar ganye." Shi kuwa sai ya ce, "Tasalla, ke da tuƙin tuwo, ni da na jirgi."

Ranar da abin zai faru, ya tura da ƙarfi irin na kullum, sai diddigen ya wuce ya gaisa da kogi. Marigayi ya ce "ɓul" sau ɗaya, ya nutse. Ba a rasa rai ba, ruwan iya ƙirji ne, sai dai daddawar da Tasalla ta shigo da ita za ta kai kasuwa duk ta bi kogi. Kallon ƙafar kawai ta yi, kuma Malam Buba ya ce da ma zaginsa ta yi.

Ya rasu ya bar filafili biyu, da ƙwaryar kwarfe ruwa, da igiya, da maigida wanda yanzu ko a tsakar gida ƙafar hagu yake sawa gaba.

Za a jawo gawar gobe bayan azahar, a kwantar da ita gindin tsamiyar mashiga, inda ake karɓar gaisuwa. Mutanen ƙetare su yi haƙuri sai ruwa ya janye, don wanda zai kawo su ta'aziyyar shi ne ya rasu.