Wasiƙar Shaidar da Farfesa Ya Ce 'Yata Ta Rubuta wa Kanta

Zuwa ga Shehun Malami, Farfesa, Shugaban Sashe, mai ɗakin binciken ruwa da ke hawa na biyu.

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamata daga wadda ta tsaya a sakandare zuwa ga mai digiri uku, ni ce mahaifiyar yarinyar da kake kira "ke mai tabarau". Shekara biyu ke nan tana auna maka ruwan rijiyoyi. Yanzu tana neman gurbin digiri na biyu a wata jami'a, an ce sai da wasiƙar shaida daga malamai uku. Biyu sun shiga. Taka ce ta rage, kuma ranar Juma'a da azahar za a rufe karɓa.

Ranka ya daɗe, ga ƙorafina.

Na ɗaya. Sau biyar ta zo ofishinka. Sau huɗu sakatariya ta ce kana taro. A na biyar ta tare ka a matakala, ka ce mata ta je ta rubuta da kanta, ta yabi kanta yadda take so, kai kuma ka sa hannu. Ban yi karatu mai zurfi ba, a gyara mini: a wace kotu ake cewa mai ƙara ya rubuta shaida, mai shaida ya dangwala?

Na biyu. Shekara ashirin da huɗu na yi ina koya mata cewa mutum ba ya yabon kansa. 'Yar fari ce, ni da na haife ta ko sunanta ba na kamawa a gaban mutane, balle in yabe ta. Kwana uku ta zauna a teburin falo, abin da ta iya rubutawa shi ne: "Ɗalibata ce, tana ƙoƙari." Da ƙanwarta ta karanta, ta tambaye ta ko neman gurbi take yi ko neman gafara. Kuka ta yi. Kai ka sa ta, ba ƙanwar ba.

Na uku. Abokin karatunta, wanda sau biyu ya fasa maka kwalaben gwaji, bai sha wannan wahalar ba. Ya rubuta cewa a shekara talatin na koyarwarka ba ka taɓa ganin ƙwaƙwalwa irin tasa ba. Ka sa hannu a kan murfin mota. Ina taya ka murna da samun irin wannan ɗalibi. Ko labari ya iso ka?

Na huɗu, wannan har da laifinmu. Akwai ƙaramar malama a sashenka da ke karanta aikin yarinyar layi-layi da jan biro. Yarinyar ta so ta bi wannan malamar tun farko. Kawunta ya ce a bi babban suna, wai sa hannunka kaɗai yana buɗe ƙofa. Na goyi bayansa. Ƙofar ofishinka ma ba mu ga ta buɗu ba.

Wasu na cewa kana jan ƙafa ne don idan ta tafi babu mai yi maka awo da sassafe. Na tsawatar musu. Na ce malami mai girma irinka ba zai riƙe 'yar mutane saboda kwalabe ba. Ina fata ba za ka ba ni kunya ba.

Yanzu na hana ta rubuta wasiƙar. Ta roƙe ni, ta ce kowa haka yake yi, na ce ban haifi kowa ba. Na san hakan yana iya jawo mata asarar shekara guda, kuma na kwana da sanin haka. Abin da ka gani a aikinta, ka rubuta da hannunka, ko layi biyar ne. Idan ba ka ga komai ba, ka faɗa yau, ta je ta ba ƙaramar malama haƙuri tun da sauran lokaci.

Ko ta samu ko ta rasa, ranar Juma'a da la'asar makullin ɗakin bincikenka da ke hannunta zai dawo hannun sakatariya. Ni zan kawo shi da kaina.

Allah ya ƙara ilimi, ya rage taro.

Taka mai biyayya, har ƙasa,
Mahaifiyar mai tabarau