Ganyen da Ba a Ci a Gidan Kowa

Wani ne ya dawo Kafin Dafga bayan ya shekara ashirin a Kano yana ɗinkin katifa. Zaman banza ya ishe shi, ga uwargida ta fara ajiye masa kwanon tuwo da ƙarfi. Sai ya ji ana neman mai kula da lambun wata firamare a Turawa. Ya garzaya wurin shugabar makarantar, Malama Ummu Hani, ya rantse mata shi da fartanya a hannu aka haife shi. Alhali gogan naka rabonsa da gona tun yana yawo ba wando.

Malama ta ce madalla. Gobe baƙi za su zo daga Ƙaraye duba lambu, ga 'yan aji huɗu nan, in aka cire ciyawa tas kafin azahar, aiki ya zama nasa. Ta hau babur ta tafi taro.

Mutumin ya shiga lambu, ya ga ko'ina kore shar. Wallahi bai san shuka ba, bai san ciyawa ba. Amma ya maze, ya naɗe hannun riga, ya cafki wani ganye zai tuge. Sai wata yarinya, Sadiya, ta ce ai wannan lalo ne, jiya ma da miyarsa suka ci tuwo. Ya saki. Ya kama wani ganyen, wani yaro, Lukumanu, ya ce tafasa ce, kakarsa kwaɗo take yi da ita. Na uku kuwa gasaya ce, har yara biyu suka kusa dambe a kan uwar wa ta fi iya dafa ta.

Nan dabara ta zo masa, har da murmushi. Ya kafa doka: kowane ganye a tsinko a ɗaga sama, wanda ake ci a gidan wani a bar shi.

Can suka iso kan wasu 'yan ganyaye siri-siri. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "A gidan wa ake cin wannan?"

Yara suka ce ba a ci a gidan kowa.

"To a cire, kar a bar ko ɗaya!"

Kafin azahar sun share fangali goma ƙal, sun zuba wa awakin maƙwabta. Ya kuma sa aka yi wa tafasa da lalo ban ruwa, don shi ba ya aikin rabi-da-rabi.

Malama ta dawo ta tarar da shi a inuwa yana fifita da hula, yana jiran yabo. Ta leƙa lambu, ta dafe kai, ta yi salati.

"Bawan Allah, ina karas ɗin da muka shuka sati uku da suka wuce?"

Ya dubi fangalin, ya dubi awaki suna tuƙa.

"Au, shi ne? Ai ranki ya daɗe ni ma sai da na ce wa yaran, ban taɓa ganin ciyawa mai tarbiyya irin ta makarantar nan ba. A kan layi fa ta fito!"