Ni Ma Na Yi Kwaleji

Ba zan taɓa mantawa da bikin ɗiyar Tanti Hadiza ba, wanda aka yi a wani zaure a gefen Paris, domin a nan ne na buɗe baki a gaban manya na tsinka kaina da kaina, ba tare da kowa ya tsokane ni ba.

Bari in fara da Rabi, tunda ita ce ciwon. Rabi ɗiyar ƙanwar mahaifiyata ce, na girme ta da shekara ɗaya. Ita a Maraɗi ta tashi, ni kuma a Vaulx-en-Velin, bayan garin Lyon. Tun muna yara ni ce 'yar Turai, hotona ake aikawa gida, tsofaffin rigunana kuma ita ake kai wa. Sai aure ya kai ta Amurka, kafin in farga ta yi karatun jinya ta zama nas. Ni kuwa ina gidan kula da tsofaffi a matsayin mataimakiyar nas: in yi musu wanka, in canza zanin gado, in ba su abinci a baki, wadda ke sama da ni ta zo da magani ta ba da umarni ta wuce. Aikin ba abin kunya ba ne, ina ma son tsofaffina. Amma ranar da Mama ta fara cewa, "Kin ji Rabi ta sai wa uwarta fili?" sai na ji kwanon wankan ya yi mini nauyi a hannu. Ƙyashi ne, ba wani suna da zan ba shi.

Gaskiyar magana, ni ma na daɗe ina son shiga makarantar nas. Shugabar wurin aikinmu ta yi mini maganar ba sau ɗaya ba, har ta ce za su duba yadda za su tallafa. Lissafi ne ya tsayar da ni. Karatun shekara uku ne, abin da ke shigowa zai ragu, mai gidan haya kuma bai san ana karatu ba, dole in ci bashin banki in cike giɓi. Can gaba albashin nas ya fi nawa, amma ba fin da zai sa a sayi fili da wuri ba. Ina cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, ina wannan awon, ina kan sallaya ina yi (Allah Ya yafe mini), har shekara biyu ban tsinana komai ba. Mama ba ta san da zancen ba, don na san in ta ji, ba ni ba barci.

Ana saura 'yan kwanaki biki, na je wurin Mama na tarar tana sauraron saƙon murya daga mahaifiyar Rabi. Kun san iyayenmu, waya ba ta magana a hankali a hannunsu. Sai na ji mahaifiyar tata tana cewa Rabi shekara biyu kacal ta yi a kwaminiti kwaleji, ga shi Allah Ya sa albarka, sai dai har yanzu tana biyan bashin karatun.

Na ajiye cokali. Kwaleji?

Ga wanda bai san Faransa ba, a nan *collège* makarantar da yara ke shiga ce in sun gama firamare, su bar ta suna 'yan shekara sha biyar. Akwai ɗaya a bayan gininmu, kullum sai na ratsa yaranta suna ture-ture a bakin ƙofa. "Kwaminiti" kuma na fassara wa kaina da "ta unguwa". Shi ke nan, na gano bakin zaren: Rabi makarantar yara ta unguwa ta yi, mataimakiya ce kamar ni, an dai shafa wa abin mai don Amurka da nisa. Ga kuma bashi a wuya! Ranar har ƙarin shinkafa na yi. Waya tana hannuna, minti ɗaya ya isa in duba, amma ban duba ba, don labarin ya yi mini daɗi yadda yake.

Ranar biki Rabi ta iso da shadda marar hayaniya, irin wadda sai wanda ya san kuɗinta zai gane. Ta rungume ni tana "Yaya, Yaya," ta ba ni tsarabar takalmin aiki mai laushi, wai ta san tsayuwar da muke sha. Abin haushi, ya yi mini daidai. Aka zaunar da mu teburin manya: Mama, Tanti Hadiza, da uwar ango, wata Hajiya 'yar Kano mai gilashi da zaren zinariya, wadda ba ta cika magana ba.

Aka ci aka sha, kiɗa ya ɗan lafa. Sai Mama ta juyo.

"Rabi, ki ba yayarki shawara mana, ko Allah Ya sa ita ma ta ɗaga."

Abin da nake jira ke nan. Na gyara ɗaurin kallabi, na ɗaga murya yadda teburin kusa ma zai amfana.

"Haba Mama, mi za ta gaya mini? *Collège* ne fa ta yi. Ni ma na yi *collège*, ina shekara sha biyar na gama. *Franchement*, tsakani da Allah, in da *collège* ake zama nas, da yaran unguwarmu duk likitoci ne."

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

Hajiya uwar ango ta ajiye cokalinta a hankali, ta sauke gilashi ta dube ni ta samansa.

"Yarinya, wace kwalejin kika gama kina shekara sha biyar?"

"Ta bayan gidanmu, Hajiya."

"Ikon Allah. Ni ma kwalejin koyon aikin jinya na yi, bayan na gama sakandare. Na ƙarar da ƙuruciyata a asibiti, da metiron na yi ritaya. To yau na ji, ashe makarantar yara na yi ban sani ba."

Tanti Hadiza, wadda ta kwashe watanni tana lallaɓa surukan nan kamar ƙwai, ta harare ni harara ɗaya da har yau ina jin ta a gefen fuskata. Rabi ta taɓa hannuna, ta ce a hankali, "Yaya, can kwaleji *après le bac* ne. Sai ka gama lise, wato babbar sakandare, ake ɗaukarka. In ka gama kuma akwai jarrabawar lasisi."

Mai hankali da nan zai tsaya, ya ce a yi haƙuri, ya nemi banɗaki. Ni kuwa na tuna ina da sauran makami.

"To bashin fa? An ce har yanzu biya kike."

"Ina biya, duk wata," in ji Rabi, ko gezau. "Babbar jami'a ta ɗauke ni, na ga kuɗinta na gudu. Na zaɓi ƙarama don bashin ya zama wanda zan iya ɗauka. Na auna shi da albashin farko, na ga zai fita, na ce bismilla." Sai ta ƙara, da zuciya ɗaya (abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ba da mugunta ta yi ba): "Ai ku nan kun huta, Yaya. Ba ke kika ce mini shugabarku ta ce za su tallafa miki ki shiga makarantar ba? Ya aka ƙare?"

Haka ne, ni na gaya mata, bara a waya, don kada ta ɗauka ita kaɗai ce ake so a wurin aiki.

Mama ta juyo gaba ɗaya. "Wace shugaba? Wace makaranta?"

Na dubi farantina. Da zauren nan yana da rami, da na shiga na ja murfi.

Mama ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Washegari a jirgin ƙasa na komawa Lyon ta yi ta kallon gonaki, har muka yi nisa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Mi ya hana?"

Na fara zayyano mata haya da banki da albashi, yadda na saba zayyana wa kaina. Ta katse ni.

"Ɗakinki na nan, kaya kawai na zuba ciki. Ki saki hayar. Ni ina ta yabon ɗiyar ƙanwata, don tawa ba ta ba ni abin da zan taya ta da shi ba."

Hanci na yi ta ja har muka sauka.

Yanzu ina makarantar nas, ina kwana a ɗakin ƙuruciyata, tsakanin akwatunan Mama da buhun shinkafa. Bashin ma na ci, ɗan madaidaici, bai kashe ni ba. Na kira Hajiya uwar ango na ba ta haƙuri, ta yafe, amma duk taron da muka haɗu sai ta ce, "Ga abokiyar karatuna."

Kada ku ɗauka na warke. A watan da na sa hannu a kan bashina, a watan Rabi ta turo mana saƙo ta gama biyan nata. Na rubuta mata barka har da addu'a, na kife wayar, na ji haushi iya jin haushi. Abin da na koya dai shi ne, in za ki yi ƙyashi, ki yi shi baki rufe, in kuma dole sai kin yi magana, ki fara duba ma'anar kalmar. Ni dai na kwashe shekara biyu ina auna bashin da ban ci ba, ita kuwa tana biyan nata.