Ni da Ƙwayar Gaggawa a Barandar Asibiti

Jama'a, yau ni ce a bakin duniya. Ni Kulu, da na tsufa ina raba labarin mutane gida-gida kyauta, yau da nawa ake hira daga Tarai har kasuwar Rano.

Wata yarinya ce a unguwarmu, mu kira ta Afra'u, ba sunanta ba ne. Goyonta ko rarrafe bai fara ba, kuma da tiyata aka ciro shi, likita ya ce ta huta sosai kafin wani. Ta yi ta zarya neman allurar tazarar haihuwa ana cewa ta ƙare. Kwatsam sai ga maigidanta ya dawo daga ci-rani. Da safe ta same ni tana murza bakin mayafi.

"Gwaggo, an ce akwai ƙwayar da ake sha da wuri bayan... kin dai gane. Kwanika nake tsoro. In na je da kaina, kafin azahar uwar mijina ta ji."

Duk faɗin garin nan ta rasa wa za ta ba amana sai ni. Allah ya shirye ta.

Na yafa gyale na nufi ɗan asibitinmu. Kun tuna ɗakin ba da shawara cikin sirri, wanda Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo da jiniya ya buɗe, muka yi guɗa har murya ta dishe? Kwaɗo ne a jiki. Mukulli na aljihun Oga, Oga na otal a Kano wajen taron bita kan muhimmancin sirri. Allah ya ƙara wa manya basira. A baranda ake shawarar, gaban layin masu awo.

Da na faɗi abin da ya kawo ni, Malama Suwaiba ma'aikaciyar jinya ta ce, "Iya, wa za a ba? Ƙa'ida sai na yi magana da mai sha."

Na waiga. Ga Halima Sadiya mai ƙosai, ɗalibata a gulma, ta riga ta baje kunne. Na ce, "Ni ce."

Masu awo duk suka juyo. Suwaiba ta dubi furfurata.

"Yaushe abin ya faru?"

"Jiya."

"Rabonki da al'ada fa?"

"Tun kafin a haifi uwar... watan jiya, 'yar nan."

Ta ciji leɓe, ta rage murya. "To Iya, ki gaya wa kanki da kyau: a sha yanzu, jinkiri na rage mata ƙarfi. Ba zubar da ciki take ba, hana shi shiga take. In an yi amai, a dawo. Kuma ba ta kullum ba ce. Ranar da allura ta iso, ki turo min kanki."

Na kai wa Afra'u ƙwayar ta sha, hankalinta ya kwanta, ba wanda ya ji. Ni kuwa labari ya riga ni isa gida. Mata na leƙowa ta katanga: "Gwaggo, ashe da sauranki?"

Ranku ya daɗe manya, in an gama bitar a aiko mana da mukullin, ko a motar haya ne.

Maigidana Malam Shitu ya fi kowa sanin da minshari ya kwana. Amma da ya je majalisa aka miƙe ana "ango, ango", bai musa ba. Ya dawo hula a karkace, bai tambaye ni komai ba. Don Allah 'yan boko, kada ku karanta wannan a majalisarsu. Bawan Allah ya daɗe bai fita babu sanda ba, sai kwanan nan.