Wasiƙar Da Ta Zo Da Jan Layi

Jama'a, wata ranar Litinin kwatar layinmu ta haɗiye min takalmi ƙafa ɗaya, sabo fil, na rupi ɗari tara. Da ɗingishi na ƙarasa shagon Malam Tufail mai buga takardun koke, inda na tarar da maƙwabcina Kawu Inayat riƙe da wasiƙa.

Bari in gaya muku abin da ya kai dattijon can. Kwatar nan ta toshe shekara biyu ke nan, kuma a gindin katangar gidansa ruwan yake kwana. Bara katangar ta tsage har kana hango tukunyar matarsa daga waje. Damina saura mako uku, in ba a yashe kwatar ba gidan zai zube, kuma ba shi da wani. Koke huɗu ya kai ofishin magudanan ruwa, sai a na biyar aka amsa.

Amma wace irin amsa! Takarda duk jan layi, an soke nan, an ƙara can, ga ƙananan akwatuna a gefe cike da rubutu.

“Tufail, ko dai tsafi suka yi min?” in ji Kawu.

Malam Tufail ya gyara tabarau, ya duba, sai ya fashe da dariya har shayinsa ya zube. “Kawu, ba tsafi ba ne, mantuwa ce. Kwamfuta tana da wani wuri, in ka kunna shi, duk wanda ya goge kalma ko ya ƙara, sai ta ajiye da sunansa. Kafin a buga akan share wannan sawun. Su kuwa sun buga da komai.”

Allah Sarki, na'ura ba ta san girman manya ba. Muka zauna muka karanta tun daga tushe.

Ƙaramin injiniyan da ya zo duba layinmu, Allah ya yi masa albarka, ya rubuta: “Kwata ta toshe, gida ɗaya yana cikin haɗari, aikin kwana biyu ne da lebura shida.” Daga nan takarda ta hau bene wurin Yallabai Na-Tsakiya, ya soke “haɗari”, ya sa “ana nazari”. Ta ƙara hawa wurin Mai Girma Sarkin Sa Hannu, shi bai tsaya wasa ba, ya ja layi a kan komai ya rubuta: “An kammala aikin a watan jiya.” A akwatin gefe kuma ya bar wa na ƙasa da shi saƙo: “Lungun nan ko motata ba ta shiga, wa zai je ya gani?”

Wallahi raina ya ɓaci, amma na yi murna. Na ce, “Kawu, rana dubu ta ɓarawo, yau ta mai kaya ce. Tashi mu je ofishin.”

Bashiran, matar da ke gasa gurasar roti a bakin layi, ta ɗaga kai daga tanderu ta ce, “Ku je mana. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.” Na ce mata ta ji da ƙullunta.

Mai Girma ya karɓe mu hannu bibbiyu, har da shayi mai madara da biskit. Ya karanta takardar, fuskarsa ba ta ko motsa ba.

“Ranka ya daɗe, gidana ne,” in ji Kawu.

“Baba, na gode da ka nuna min wannan sakaci. Za mu ɗauki mataki nan take.”

Kuma a yaba wa bawan Allah, ya cika alkawari. Cikin mako guda aka tura ƙaramin injiniyan can wani ƙauye a bakin hamada, saboda shi ya kunna abin ajiye gyaran. Sannan aka kwashi ma'aikata arba'in zuwa otal a kan duwatsu, inda iska ke da sanyi, kwana uku ana koya musu yadda ake share sawun gyara kafin a buga. An ci kaji, an raba jakunkuna da takardun shaida. Lebura shidan nan dai ba mu gan su ba.

Bayan sun dawo aka aiko wa Kawu sabuwar wasiƙa, fara tas, babu jan layi ko ɗaya: “An kammala aikin a watan jiya.”

Ruwan farko ya sauka ranar Laraba da la'asar. Katangar ta tafi da ɗakin girki da rabin ɗakin kwana. Allah ya tsare, Kawu da matarsa suna wurin ta'aziyya a lokacin. Yanzu suna rakuɓe a barandata, gadonsu na igiya a jingine da babur ɗina, tsohon ba ya ko iya kallon wajen gidan.

Mun kai koke na shida, neman taimako. Jiya amsa ta zo: bisa ga takardun ofis an gyara kwatar, don haka ruwa ba zai iya rushe gidan ba, a sake dubawa.

Na kai wa Malam Tufail ya karanta ta sau uku, har ya ɗaga ta a rana. Ya ce wallahi horon nan ya yi amfani, babu kuskure ko ɗaya a ciki.