Duhun da Ke Tsakiyar Fim

A wani daji, shekarar da ruwan tafki ya riƙa kashe 'ya'yan dabbobi, kowa ya haƙiƙance jemagu ne suka zuba guba. Ba wanda ya gan su, amma dai suna barci kai a ƙasa, wannan kuwa ya ishi mazauna dajin hujja.

Tunku mai shirya fim ya san ƙarya ce. Jemage maƙwabcinsa ne, tare suka taso, kuma da idonsa ya ga kwatar majemar Kura tana malala cikin tafkin. Ya ɗauki hoton komai, ya kai wa hukumar tace fina-finai, yana murna zai wanke abokinsa kafin a far masa.

Kunkuru, shugaban hukumar, ya gama kallo ya yi gyaran murya. "Malam Tunku, aiki ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Sai dai Kura tana da lauyoyi. In fuskarta ta fito, ɓata suna ke nan, da mu da kai za ta maka a kotu. A cire fuskar."

"To a bar majemar, ranka ya daɗe."

Dila, lauyan hukumar, ya murmusa. "Majema nawa ce a dajin nan? A cire. Kwatar ma, duk wanda ya bi ta sai ya isa ƙofar wani."

Ran Tunku ya ɓaci matuƙa. Ya cire, amma ya ƙi haɗe bakin fim ɗin, ya bar wurin baƙi ƙirin, wai don masu kallo su tambayi abin da aka ɓoye.

Suka kuwa tambaya. Ranar da aka haska fim ɗin, duhun na bayyana Gwaggon Biri ya miƙe. "Jama'a, kun gani ko? Su wa ke son duhu a dajin nan? Har hukumar ma sun saye ta!"

Tunku ya hau dutse yana rantsuwa, yana kiran sunan Kura. Aka ce ashe shi ma an biya shi. Kafin la'asar an cinna wa bishiyar kukar da jemagu ke zaune a kai wuta. Jemage ya tashi da abin da ya rage na iyalinsa, ko waiwayen Tunku bai yi ba, Tunku ya zauna bakin tokar yana kuka.

Da shekara ta ƙare hukumar ta yi walima, domin ba wanda ya kai ta ƙara. Ruwan da aka sha a wurin daga wani dajin aka kawo shi.